Wa Zai Biya Idan Lebura Ya Faɗo Daga Kan Gini?

(Jawabin da shugaban matasanmu ya gabatar a zaman matasan yankin Tiga)



Shugaban wannan zama, iyayenmu dattawa da suka bar harkokinsu suka zo suka zauna da mu, iyayenmu mata, shugabannin matasa na mazaɓu daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, 'yan uwana matasa, barkanmu da war haka. Waɗanda suka taso tun daga Riruwai da sassafe, sannunku da hanya, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na san wasu sun zo ne suna jiran in yi maganar takara, da wanda ya sauya sheƙa, da wanda yake shirin sauyawa. Ku yi haƙuri, yau wata magana na zo da ita, kuma ita ce ta fi kusa da aljihun yawancin waɗanda suke zaune a nan. Maganar leburori ce da magina da masu ɗaurin rodi da masu kwaɓa siminti, da abin da doka ta tanadar musu idan aiki ya ji musu ciwo ko ya yi ajalinsu. Idan na ce duk wanda ya taɓa ɗaukar bulo ko kwanon kankare don neman na abinci ya ɗaga hannu, na tabbata fiye da rabin wurin nan zai ɗaga.

Ku dubi inda muke zaune. Madatsar ruwan Tiga an gina ta ne tsakanin 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano. Lokacin da aka gina ta tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, shinkafa da tumatir da alkama. Yaro ɗan firamare ya san sunan gwamnan da ya gina ta. To a cikinmu wa zai iya kawo sunan lebura ɗaya da ya karye a wajen aikin, ya faɗi abin da aka ba iyalinsa? Yau ma aiki bai ƙare a ƙasarmu ba. Ga babban titin Kano zuwa Zariya da ya ratsa ta Kwanar Ɗangora, ga layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a watan Yuli na 2021, ga bututun gas na AKK da ya nufo Kano tun 2020, ga gyaran magudanan ruwan noman rani, ga azuzuwa da asibitoci da kwalbatoci na ƙananan hukumomi da na 'yan majalisa. Injiniya daga birni yake zuwa, katafila da gireda daga birni suke zuwa, amma mai shebur da mai diga da mai hawa sama a zuba dakin, ɗanmu ne, ƙaninmu ne.

Kowa a nan ya san yadda ake yi idan tsautsayi ya faɗa. A ɗauko yaro a bayan a-kori-kura, a kai shi wajen mai ɗori, ɗan kwangila ya aiko heluma da ɗan abin da ya samu, a ce oga yana gaisuwa. Idan rasuwa ce, a zo ta'aziyya da buhun shinkafa da ambulan, a yi addu'a, a tashi. Ranar sadakar uku an riga an ɗauki wani a gurbinsa.

Akwai wani yaro a mazaɓarmu, ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan kama sunan wanda ya yi wa aiki ba. Ana zuba dakin, katakon da ya taka ya karye, ya faɗo ta baya. Aka yi ɗori a gida wata biyu, ƙafa ta ƙi, sai da aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala. Mahaifinsa ya sayar da ɗan tsohon babur ɗinsa da tumaki biyu. Da muka je wajen mai aikin, mutumin ya karɓe mu hannu bibbiyu, har ruwa ya sa aka kawo mana, sannan ya ce: "Ai ku ba ku sani ba, gwamnati ta daɗe da soke inshorar ma'aikata. Abin da na yi masa ma taimako ne." Wannan maganar tasa ita ce ta sa na je na nemi dokar na karanta, na kuma zauna da lauya ya warware mini inda Turancin ya yi kauri. Ita ce kuma nake so mu tsaya a kanta yau, domin ba shi kaɗai yake faɗin ta ba, kuma tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa take cin mutane.

Ga yadda abin yake. Tun zamanin Turawa, a farkon shekarun 1940, akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji ciwo a bakin aiki. A 1987, zamanin Janar Babangida, aka sabunta ta. A ƙarƙashin wannan ta 1987, nauyin biyan diyya yana wuyan mai ba da aiki ne kai tsaye, shi kuma sai ya je kamfanin inshora ya sayi kariya, idan abu ya faru kamfanin ya biya a madadinsa. Idan ma'aikaci ya rasu, iyalinsa suna da albashinsa na wata 42 a dunƙule. Idan ya nakasa gaba ɗaya har ba zai ƙara iya aiki ba, yana da na wata 54. A takarda abin da kyau. A aikace kuwa, sau da yawa sai an kai ruwa rana, an je kotu, kamfanin inshora ya ce ɗan kwangila bai biya kuɗin shekara ba, ɗan kwangila ya ce shi ma gwamnati ba ta biya shi ba, talaka ya gaji ya bar wa Allah.

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar diyyar ma'aikata, ita ce ta soke ta 1987. To a nan ne maganar "an soke" ta samo asali. Tabbas an soke tsohuwar doka, an kuma soke tsarin zuwa kamfanin inshora a sayi wannan kariyar. Amma abin da ɗan kwangila ba zai ƙarasa gaya maka ba shi ne, dokar da ta soke tsohuwar ta ɗora masa wani nauyin a gurbinsa. Ta kafa asusu guda na ƙasa baki ɗaya, ta damƙa shi a hannun hukumar NSITF, ta ce duk mai ba da aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biyan ma'aikatansa kowane wata. Daga wannan asusun ake biyan wanda ya ji ciwo. Wato an rufe ƙofa ɗaya an buɗe wata, shi kuma oga ya nuna maka rufaffiyar ya ce ka gani, babu hanya.

Mu yi lissafin kashi ɗayan nan, don kada wani ya ce nauyi ne. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano tun ƙarshen 2024 naira 71,000 ne. Kashi 1 cikin 100 na wannan, naira 710 ke nan a wata. A ce ɗan kwangila yana biyan leburorinsa da maginansa jimillar naira miliyan 3 a wata, abin da zai zuba naira 30,000 ne. Kuɗin buhun siminti nawa ne wannan? Bai kai biyar ba. Wanda yake zubar da fiye da haka a wajen liƙi a biki ɗaya, shi ne zai ce ba zai iya ba? Kuma ku riƙe wannan da kyau: doka ta hana a cire wannan kuɗin daga ladan ma'aikaci. Daga aljihun mai aiki zai fito. Duk heluman da ya ce zai yanki wani abu a kuɗinka na sati da sunan inshora, ya karya doka.

Yanzu wa dokar ta rufe? Nan ne wurin da ya fi burge ni. Mu da muka saba jin cewa doka ta masu ofis ce, masu taye da katin shaida, wannan ta sauko har ƙasa. Ta ce ma'aikaci shi ne duk wanda aka ɗauka aiki, ko da takarda ko da baki, ko na dindindin ko na wucin gadi, ko ɗan koyo, ko wanda ake sallama kullum da yamma. Har ɗan aikin gida ta ambata, muddin ba ɗan gidan ba ne. Ta haɗa da ma'aikatan gwamnatin tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi, sojoji kawai ta ware. Saboda haka maganar "ai kai lebura ne na rana ɗaya, ba ma'aikacinmu ba ne" ba ta da gindin zama. Da baki aka ɗauke ka da safe a bakin kasuwa, aka zuba ku a bayan tifa? Doka ta san da kai.

Sannan ba sai ka tabbatar da cewa laifin ɗan kwangila ne ba. A da, a nan ake kayar da talaka, a ce ai shi ya yi ganganci, shi bai duba inda zai taka ba. Tsarin yanzu abin da yake dubawa shi ne, shin a wajen aiki abin ya faru, ko a dalilin aikin? Har hatsarin da ya same ka a hanya tsakanin gidanka da wurin aiki yana ciki. Ku da kuke hawa babur daga Kiru ko Tudun Wada da asuba don ku riski aiki, wannan ya shafe ku. Cutar da aiki ya jawo ma tana ciki, kamar ciwon ƙirjin da ƙurar siminti da ta fasa dutse take kawowa, da kurumtar da ƙarar inji take sa wa mutum.

Abin da ake biya kuwa, akwai kuɗin magani da na gyaran jiki, har da ƙafar roba ga wanda aka yanke wa ƙafa. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Idan ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, su ma kashi 90 cikin 100 duk wata, idan ɗa ɗaya ne kashi 85. Yaran kuma ana biya musu har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. Iyayenmu mata, wannan taku ce, domin ku ake bari da marayu. Mu koma kan mai albashin 71,000 ɗin nan. A tsohuwar doka iyalinsa za su karɓi ƙasa kaɗan da naira miliyan 3 a dunƙule, shi ke nan, a raba gado, wata shida babu ko sisi. A sabuwar, naira 63,900 duk wata. Kafin a cika shekara huɗu sun wuce abin da tsohuwar za ta ba su, kuma ana ci gaba da biya. Ku kwatanta wannan da buhun shinkafa da ambulan.

Sai dai akwai lokaci, kuma a nan mutanenmu suke yin asara. Wanda ya ji ciwo, ko wani nasa, ya sanar da mai aikin cikin kwana 14. Shi mai aikin doka ta ba shi kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar, idan rasuwa ce kuwa nan take. Neman diyyar kuma cikin shekara ɗaya ake shigar da shi, sai da wani uzuri mai ƙarfi ake ɗaga ƙafa zuwa shekara uku. Mu kuwa me muke yi? Wata uku muna wajen mai ɗori, wata uku muna jiran oga ya dawo daga Abuja, wata uku dattawa suna sa baki, kafin a farga shekara ta zagayo. Kuma a gida aka yi jinya, babu takardar likita ko ɗaya da za a nuna. Ba na raina masu ɗori, sun taimaki al'umma tun kaka da kakanni, amma mai ɗori ba ya ba da takardar da hukuma za ta karɓa. A fara zuwa asibiti, a yi hoton ƙashi, a karɓi kati, a adana.

Wani abin kuma, idan aka kawo maka takarda aka ce ka dangwala cewa ka karɓi dubu hamsin ka yafe sauran haƙƙinka, dokar ta ce irin wannan yarjejeniyar ba ta da ƙarfi. Ma'aikaci ba zai iya sayar da wannan haƙƙin ba ko da ya so. Idan kuma hukumar ce ta ƙi biya, ana ɗaukaka ƙara a wajenta, daga nan a wuce kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda take da reshe a nan Kano.

To tunda doka ta yi kyau haka, ina gizo yake saƙa? A nan nake so ku buɗe kunne, domin a nan ne ainihin sokewar take faruwa, kuma 'yan kwangila ne suke yin ta da hannunsu.

Duk mai neman kwangilar gwamnatin tarayya, cikin takardun da ake nema a wajensa akwai satifiket na NSITF, mai nuna yana zuba kuɗin ma'aikatansa. Sai mutum ya je ya yi rajista da sunan mutum uku, shi da direbansa da sakatariyarsa, ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya karɓi satifiket, ya haɗa a fayil. Kwangila ta fito, ya kwashi mutum tamanin ya zuba a wurin aiki, babu sunan ko ɗaya a cikin abin da ya kai wa hukuma. Da ya karɓi kuɗin somin-taɓi kuma ya daina zubawa, sai shekara ta zagayo zai sake neman wata kwangilar ya tuna da su. Haka ake yi da kamfanonin inshora ma, inda sharaɗin kwangila ya ce a sayi kariya ga wurin aiki. A sayi ta wata uku, a nuna takarda, a bari ta mutu. Su kuma kamfanonin ƙa'idarsu a fili take, ba kuɗi ba kariya. Takarda tana cikin fayil a ofis, yaro yana kan bene hawa na uku, tsakaninsa da ƙasa babu komai sai iska.

Dabara ta biyu ita ce sarƙar sayar da aiki. Babban kamfani ya ci kwangila, ya yanka ya ba ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya ba wani magini jinga, magini ya nemo heluma, heluma ya kwaso yara. Idan abu ya faru ka je wajen kamfani, su ce ba mu san shi ba, je ka wajen wanda ya ɗauke shi. Ka je wajen magini, ya juya maka aljihu ka ga babu komai. Masu rubuta dokar sun hango wannan. Sun ce wanda ya ba da aiki da ɗan kwangilar da ya karɓa, dukkansu ana iya kama su da kuɗin asusun na wannan aikin, kuma wanda ya ba da aikin yana da ikon ya riƙe kuɗin daga abin da zai biya ɗan kwangila. Ku fahimci abin da wannan yake nufi a wajenmu. Idan ƙaramar hukuma ta ba da ginin aji shida, ciyaman ba zai ce babu ruwansa ba. Yana da ikon ya ce ba zan sa hannu a biya ka ba sai na ga shaidar ka zuba na leburorinka. Biro kawai zai riƙe. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa musu kai tsaye, kowa yana ta lissafin kwangilolin da za a raba. Ban ji wanda yake lissafin wanda zai hau tsani ba.

Na san akwai mai cewa a ransa, ita hukumar da kake ta yabo, wa ya amince da ita? Gaskiyarka. Ban zo in wanke NSITF ba. A watan Yuli na 2020 Shugaba Buhari ya amince a dakatar da shugabanta da wasu manyan jami'anta kan zargin almundahana. A watan Agusta na 2022 kuma, da kwamitin Majalisar Dattawa ya nemi takardun yadda aka kashe sama da naira biliyan 17 a 2013, ƙasar nan kaf ta kwashe da dariya da aka ji maganar wai gara ta ci takardun. Gara mai cin biliyan 17, Allah ya raba mu da irinta a rumbunanmu. Amma ku lura da abu ɗaya. Kuɗin da ake wasa da su a can, na wa ne? Na ma'aikata ne. Kuma abin da yake sa a samu sararin wasa da su, har da rashin masu zuwa nema. Idan daga ƙananan hukumomin nan huɗu babu fayil ko ɗaya da ya isa teburinsu a shekara, to mun bar musu ne su yi yadda suka ga dama. Don ɓera ya shiga rumbu ba a daina noma, rumbun ake gyarawa. Ofishinsu yana nan cikin birnin Kano, ba sai an je Abuja ba.

Akwai kuma masu cewa ƙaddara ce, neman diyya kamar ƙin yarda da hukuncin Allah ne, wasu kuma suna ƙyamar duk abin da aka kira inshora. Malamanmu suna nan, su ne masu fatawa, ni ɗalibi ne. Abin da na sani shi ne kalmar diyya ba daga Turawa muka aro ta ba, a littattafan fiƙihu muka same ta, kuma an san tsarin da dangi suke haɗuwa su ɗauki nauyin diyyar kuskure. Wannan asusun kuma ma'aikaci ba ya zuba ko kwabo a cikinsa. Ga ɗan kwangilar da yake son ƙarin kariya ta hanyar da hankalinsa zai kwanta, akwai kamfanonin takaful irin su Jaiz da Noor da suke aiki a ƙasar nan da lasisi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai kuɗi ya tuna da ƙaddara sai ranar da za a biya talaka. Motarsa yana sa mata na'urar gano ɓarawo, gidansa da maigadi, sai a kan ƙashin bayan ɗan wani ne zai zama mai tawakkali.

Gine-ginen 'yan kasuwa ma da tasu dokar. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta wa duk mai gina abin da ya haura hawa biyu ya yi inshorar da za ta biya ma'aikaci ko mai wucewa idan ginin ya yi ɓarna, kuma sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ba ta cire wannan wajabcin ba. Mun ga bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutum sama da 40 suka rasu, akasarinsu masu aiki. Mun ga wanda ya rufta a titin Beirut a Kano a ƙarshen watan Agusta na 2022, ana cikin gininsa. Yaranmu da suke tafiya ci-rani Kano da Abuja da Legas, a irin waɗannan gine-ginen suke aiki, wasu ma a ciki suke kwana.

Yanzu bari in juyo gida, kuma wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri. Mu shugabannin matasa, idan aka kawo aiki garinmu, me muke zuwa nema wajen ɗan kwangila? Gurbi. A ba mu lebura ashirin, a ba mu maigadi biyu, a ba mu kawo yashi. Idan ya ba mu sai mu dawo muna ƙafafa, mun samo wa yara aiki. Wani ma har kamasho yake karɓa a kan kowane yaro. To wanda ya kai yaro wurin aiki da hannunsa, ranar da aka dawo da shi a kwance, gidan wa uwarsa za ta fara zuwa? Gidanka. Kuma mu faɗi gaskiya, da yawan 'yan kwangilar nan namu ne, tare muke yawon kamfe, su suke ba da kuɗin mai da na fosta. Wannan shi ya sa bakinmu yake nauyi. Ni kuwa a ganina shi ya kamata ya sa maganar ta fi sauƙi, domin wanda kuke ci a kwano ɗaya ya fi sauƙin gaya wa gaskiya a kan baƙon da ya zo daga wata jiha. Alhazanmu da suke cikin wannan harka, wasunku suna zaune a nan, ku ne iyayenmu, ba mu zo cin mutuncinku ba. Ku ma kariya ce gare ku. Wanda ya zuba kashi ɗayan nan, ranar da tsautsayi ya zo asusu ne zai ɗauki nauyin, maimakon a kwana ana zarya tsakanin gidansa da ofishin 'yan sanda da fadar hakimi.

Abin da nake roƙo a wajen shugabannin mazaɓu kaɗan ne, kuma ba ya buƙatar kuɗi. Kowannenku ya sayi littafi mai bango mai kauri. Duk yaron da ya tura wurin aiki ya rubuta sunansa, da ranar da ya fara, da sunan wanda ya ɗauke shi, da abin da ake biyansa a rana, heluma ya sa hannu ko ya dangwala. Kowa yana da waya, a ɗauki hoton yaro a bakin aiki, a ɗauki hoton allon da aka kafa mai sunan kamfani da ma'aikatar da ta ba da aikin. Ranar da za a ce ba mu san shi ba, wannan littafin shi ne shaidarka, domin abin da za a fara tambaya shi ne hujjar cewa ya yi aiki a wurin. Sannan idan kun je neman gurbi, ku ƙara tambaya ɗaya a kan wadda kuka saba: Alhaji, yaran nan an sa su cikin lissafin da ake kai wa NSITF? Ku nemi ganin satifiket ɗin, ku duba shekarar da ke jiki. Ku tambayi hular kwano da takalmin aiki, domin silifas ɗan maɗina ba takalmin hawa bene ba ne.

Kansilolinmu da suke nan, ku kai wannan magana zauren majalisun ƙananan hukumominku, a sa ta cikin sharuɗɗan biyan ɗan kwangila. 'Yan majalisarmu na Kiru da Bebeji da na Tudun Wada da Doguwa, na jiha da na tarayya, ayyukan mazaɓu ta hannunsu suke biyowa, za mu rubuta musu takarda da sa hannun shugabannin matasa na ƙananan hukumomin nan huɗu, kuma duk mai neman ƙuri'armu, namu ne ko na wani, za mu yi masa wannan tambayar a gaban jama'a.

Akwai lauyoyi biyu cikin 'yan uwanmu da suka yarda su duba takardun duk wanda ya ji ciwo a wurin aiki ba tare da sun karɓi komai ba. Wanda ya san wani da abin ya same shi kuma shekara ba ta cika ba, ya tsaya bayan an tashi ya ba sakatare bayani, da katin asibiti idan akwai. Waɗanda nasu ya kusa cika shekara da su za a fara.